Furen Dala a Tukunyar Surukata

Daminar da ɗanmu na fari ya rasu, in ka cire awaki, babu wanda ya fi ni sanin hanyoyin hawa Dutsen Dala. Shekarata ashirin da 'yan kai a lokacin. Rini nake yi a karofin Ƙofar Mata a ƙarƙashin mahaifina, gidanmu kuma yana Mandawari, can cikin lungu. Ba a daɗe da gama ginin sabon masallacin Juma'a ba, Turawa ma ba su kai ga tafiya ba.

Da cikin matata ya shiga wata bakwai, sai aka zo aka tafi da ita gidansu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Gidan iyayenta a gindin Dala yake, mahaifinta baduku ne. A can ta haihu, namiji. Kwanansa biyar a duniya ya koma, ko suna ba a kai ga yi ba. Sau ɗaya na riƙe shi, a hanyar maƙabarta, a naɗe cikin farin ƙyalle. Zanen da nake tsamowa daga rijiyar rini ya fi shi nauyi.

Masu zuwa ta'aziyya duk bakinsu ɗaya: in ruwa ya zube ya bar tulu, ai da sauƙi. Na san gaskiya suke faɗa, na kuma san ba da mugunta ba ne, amma da maganar ta yi ta maimaituwa sai na ji kamar in tashi in farfasa duk wani tulu da ke gidanmu. Ni mutum ne mai saurin fushi, tun ina yaro haka nake, kuma ban iya zama wuri ɗaya ba. Ga shi ɗan fari ne, ɗan fari kuwa ba a nuna an damu da shi. Ba na kuka, ba na tambaya, in an yi zancensa ma sai in sunkuyar da kai kamar ɗan maƙwabta ake nufi. Abin yana cina a rai, babu wanda zan gaya wa.

Ita kuwa an bar ta a can, domin mai jego, ko ɗanta ya rayu ko bai rayu ba, sai ta yi wankanta na kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganye. Ni kuma ba ni da ikon shiga. Surukin kirki a zamaninmu iyakarsa zaure, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gai da mutane ya tashi. In ya hango surukarsa a hanya sai ya sake lungu. Duk abin da al'ada ta ɗora mini na yi. Na aika da itace kaya-kaya, da kanwa, da gero, da kayan yaji, da ƙafar sa. Babu wanda zai ce na gaza. Magana ce kawai ban aika ba, don ban san yadda ake ɗaura ta a bayan jaki ba.

Mai kai-komo tsakanin gidajen biyu kakata ce, wadda ta haifi mahaifina. Tsohuwa ce mai ƙarfin ƙafa, tana kaɗa zare tana yawon sayarwa gida-gida, babu ƙofar da ke rufe mata a birnin nan. Ita kaɗai nake iya yi wa magana ba tare da na kalli ƙasa ba, tunda tsakanin jika da kaka ai sai wasa. Kullum ta gan ni sai ta ce ga mijinta mai baƙin hannu, wanda ko tuwo ya taɓa sai ya rine. Wata rana, bayan an wuce rabin arba'in, ta dawo daga gindin Dala ba ta tsokane ni ba. Ta ajiye ƙwaryarta ta kira ni ɗakinta.

"Yarinyar nan ba ta magana," in ji ta. "Kunun kanwa ma sai an tsaya a kanta take sha. Uwarta ta yi mata zancen komawa ɗakinta in an yi arba'in, ta ce ita ba inda za ta."

"Me na yi mata?"

"Ni ban ce ka yi ba."

"To me ta ce na yi?"

"Ba ta ambace ka ba ma. Ta juya fuska bango."

Nan na hau faɗa, ina lissafa itacen da na aika da ƙafar sa da komai. Kaka ta bari na gama, sannan ta ce, "Itace ai ruwa yake dafawa, ɗan nan." Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi.

Na san yadda irin wannan take ƙarewa. Arba'in za ta cika ba ta dawo ba, manya su zauna, a yi biko ɗaya a yi biyu, in ta kafe a ce mini in sawwaƙe mata. Ni kuwa ina son ta. Shekara ɗaya da rabi muka yi tare ban taɓa buɗe baki na gaya mata ba, kuma a ganina a lokacin babu namijin da ke faɗin haka, amma ban iya jure tunanin ɗakin nan zai zauna babu ita ba. Washegari da aka sallame sallar asuba, maimakon in nufi gabas wajen karofi, sai ƙafata ta yi arewa da ni. Ban ankara ba sai ga ni a ƙofar gidan surukaina. Na wuce kamar ban san gidan ba, na zagaya ta baya, na kama hanyar awaki na fara hawa.

Wanda bai taɓa hawa Dala da damina ba bai san launinsa ba. Da rani dutsen ja ne mai duhu, kamar tsatsa. In ruwa ya jiƙa shi kuwa sai jan ya fito sosai, ƙasar ta yi santsi, ka kama nan ta gutsuro a hannunka. Sau biyu na zame a ranar, na isa sama rigata ta yi jawur. Saman shimfiɗe yake, da ramuka nan da can da ruwan sama ya taru a ciki. Tsofaffi suna cewa wurin na iskoki ne, mutumin kirki ba ya daɗewa a kai. Ni dai ban ga kowa ba sai wata akuya da 'ya'yanta biyu.

Daga nan birnin gaba ɗaya yake kwance a gabanka. Soraye ja-ja, ciyawa ta tsiro a kan katangu da rufin waɗanda ba su yi yaɓe ba. Kududdufai sun cika suna walƙiya. Ga dabino, ga rimaye da shamuwa a kansu, ga rumfunan Kurmi a cunkushe, ga sabon masallacin fari fat ya fi komai tsayi. Ta yamma Gwauron Dutse yana tsaye. Ganuwa ta kewaye mu duka, da gonakin gero da dawa a cikinta, don a lokacin gidaje ba su cinye filin ba. Can gabas hayaƙin jirgin ƙasa yana tashi. In hadari ya haɗu, kana ganin ruwa yana tahowa tun daga bayan ganuwa, yana jiƙa unguwa bayan unguwa, har ka ce yanzu ya isa Kabara, yanzu ya isa gidanmu. Ban daɗe ina kallon wannan duka ba, don ba kallon gari ya kawo ni ba.

Na matsa bakin dutsen na leƙa ƙasa. Gidan bai yi wuyar ganewa ba, hayaƙinsa ya fi na kowa saboda ruwan wanka. A kan igiya kuma ga wani zane da na sani, ni na rina mata shi da hannuna kafin biki, na tsoma shi ya fi a ƙirga har ya yi baƙi yana ɗaukar ido. Can sai ta fito daga bayan ɗaki, uwarta na riƙe da ita, tururi na tashi a jikin mayafinta. Daga sama ba ta fi tsawon ɗan yatsana ba. Ta zauna a kan turmi a tsakar gida, ba ta motsa ba har rana ta taso sosai.

Na san abin da nake yi ba daidai ba ne. Mai hawa dabino ma sai ya yi shela kafin ya hau, don matan maƙwabta su kauce. Na riƙa gaya wa kaina cewa matata ce, kuma ba na kallon gidan kowa sai wannan. Washegari na koma. Jibi ma na koma. Na zama ba ni nan ba ni can: in ina saman dutse hankalina yana kan rijiyoyin da ban motsa ba, in ina karofi ina juya muciya idona yana arewa. Na bar wa wani mutum zanensa ya kwana a rijiya ba bisa ƙa'ida ba. Mahaifina bai yi mini faɗa ba, ya dubi jar ƙasar da ke ƙafar wandona ya ce, "Ƙofar Mata dai ba ta da irin wannan ƙasar."

Kwanakin farko tattake ciyawar wurin nake yi ban san tana nan ba. Amma mai jira ba shi da aikin yi, kuma ni hannuna ba ya zama, sai na fara tsinkar abin da ke kusa da ni ina murzawa. Da haka na lura gangaren dutsen nan cike yake da fure. Tafasa ta yi ruwan ɗorawa ko'ina. Karkashi ya fitar da nasa, fari da ɗan ja-ja a ciki. Tsidau yana shimfiɗe a kan jar ƙasa, furensa ƙanana, ƙayarsa tana jiran mai tafiya ba takalmi. A cikin tsagar dutse inda danshi ke kwana akwai balasa, furenta bai fi farce ba, shuɗi ne tsantsa. Na murza ɗaya, launin ya fito a yatsana, sai wata magana ta faɗo mini.

Muna sabon aure, damina ta farko, ta taɓa ce mini a gidanmu na Mandawari ba ka sanin damina ta zo sai da ƙarar indararo da yoyon rufi, don katangu sun tsare komai, ko ciyawa ba ta samun wurin fitowa. Ta ce suna yara ita da ƙawayenta Dala suke hawa da awaki, su tsinki balasa su murza a farce su ce sun yi lalle. Har ta ce shuɗinta ya fi namu na karofi kyau. Ni kuwa, marini ɗan marini, na ji haushi. Na ce shuɗin da ba ya kai azahar ai ba shuɗi ba ne, namu sai zane ya yage yana nan. Ta yi dariya ta ce ita dai ta faɗi abin da ta gani. Ba ta sake yi mini zancen ba.

Saura kwana shida a yi arba'in, na hau da sassafe na ce yau sai na aika mata wani abu da ba itace ba. Na bi gangaren ina tsinka. Na ɗebi balasa da yawa har da ganyenta don kada ta yi saurin yaushi, na haɗa da tafasa da karkashi. A ɓangaren da ya fi ciyayi, inda ba a cika bi ba, na tarar da wani abu ya naɗe jikin wata ƙaya. Furensa ja ne da ruwan ɗorawa a gindi, kunnuwansa a murɗe sun juya sama kamar harshen wuta. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na ce wannan shi ne shugabansu, na cire guda biyar, ɗaya ma ta taho da saiwarta. Na naɗe duka a ƙyalle na sauko da gudu, ina ɓoyewa a cikin riga kamar wanda ya yi sata.

Na tarar da Kaka tana shirin fita. Na miƙa mata ƙunshin na ce ta kai wa matata.

"Mene ne?"

"Ke dai ki kai mata. Ki ce daga wurina ne."

Ta ɗaga bakin ƙyallen ta leƙa, ta dube ni, ta gyaɗa kai kamar ta gane komai. Ni kunya ta hana ni ƙarin bayani, na fice. Guda ɗaya daga cikin jan furen kuwa tun a kan dutse na soke shi a naɗin hulata na manta da shi.

Da hantsi wani tsoho da yake kawo mana ganyen baba na rini daga ƙauye ya zo karofi da jakinsa. Muna sauke kaya sai ya tsaya yana kallon kaina. Ya miƙa hannu ya zare furen.

"Malam, ina ka samo gatarin kurege?"

Na ce a hanya na tsinta.

"To kada ka yar inda akuya za ta ci, ko yaro ya ɗauka. Dafi ne. Mu can mun san shi, saiwar ma ta fi muni."

Na karɓa na jefa a cikin tokar da muke ƙonawa. Ban damu ba ko kaɗan, tunda na kallo na aika, ba na ci ba. Na ci gaba da aikina, har ina jin sauƙi a raina a karo na farko cikin kwanaki.

Bayan azahar na je gida cin abinci. Kaka tana zaune a inuwa, fuskarta a sake, ta koma tsokanarta.

"Ashe mijin nawa yana da hankali," in ji ta. "Saƙonka ya isa. Uwarta ta ji daɗi, ta ce ashe kana neman mata taimako. Wane malamin ne ya ba ka?"

"Malami kuma?"

"Mai maganin mana. Ta tambaye ni na sha ne ko na wanka, na ce irin wannan mai saiwa ai na sha ne. Za ta dafa mata da 'yar kanwa, ta sha in ta fito wankan la'asar."

Lomar da ke hannuna ta koma cikin akushi. Na ce, "Kaka, ba magani ba ne."

"To mene ne?"

"Fure ne."

"Na ga fure ne. Na mene ne?"

Ba laifinta ba ne, kuma ko a lokacin na san haka. A garinmu duk wanda ka gani da ganye a hannu, ko miya za a yi, ko akuya za a bai wa, ko wani ne ba shi da lafiya. Namiji mai hankali ba ya tsinko ciyawa ya naɗe a ƙyalle ya aika gidan da aka yi rashi, sai in wani malami ne ya ba shi. Ban tsaya yi mata bayani ba. Na dubi inuwar katanga, na ga la'asar ta kusa, na fita ko hannu ban wanke ba.

An yi ruwa da safiyar a cikin gari, lunguna duk taɓo. Takalmina ɗaya ya maƙale tun kafin in fita Mandawari, na cire ɗayan na yar. Na tsallake rafin Jakara ruwa har gwiwa. Na ture wani mai tallan rake ban tsaya ba shi haƙuri ba, har yau ina jin nauyin wannan. Ina gudu ina zagin kaina, ina zagin dutsen, ina zagin kunyar da ta sa na kasa faɗa wa tsohuwa kalma uku da safe. A raina ina ta cewa na binne ɗa, yanzu kuma da hannuna zan kashe uwarsa.

Surukina yana zaure yana yankan fata, da abokansa dattawa uku a zaune. Ban yi sallama daga nesa ba, ban durƙusa ba, na faɗa ciki ina haki, taɓo har cinya. Duk suka ɗago.

"Baba, a sauke tukunyar nan. Kada ta sha."

Ya ajiye wuƙarsa. "Lafiya, Malam? Wace tukunya?"

"Abin da na aiko da safe. Akwai dafi a ciki. Don Allah a hana ta sha."

Bai ƙara tambaya ba, ya tashi ya shiga cikin gida da sauri. Na ji muryarsa, na ji ta surukata tana salati, na ji ƙarar ruwa an watsar a ƙasa. Ya dawo ya ce ba ta sha ba, yanzu ma aka sauke ana jira ya huce. Sai a lokacin na durƙusa.

Ya zauna ya dube ni. Mutum ne mai sanyin hali, amma ransa a ɓace yake. Ya ce, "Wane malami ne ya ba ka dafi ka kawo wa 'yata? Faɗa mini sunansa."

"Ba malami ba ne, Baba. Ni na tsinko."

"A ina?"

"A kan Dala."

"Kai mai magani ne?"

"A'a."

"To don me ka aiko?"

Dattawan nan uku sun zuba mini ido. Na san kuma bayan ƙofar zauren akwai kunnuwa, don na ga inuwar ƙafafu ta ƙasan asabari. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na nemi wata ƙarya mai mutunci ban samu ba, kuma fushina ya taso, na kaina da na kowa, sai na ji bakina yana magana da ƙarfi fiye da yadda suruki ke yi.

"Don ta gani ne kawai, Baba. Ta taɓa ce mini tana son su tun tana yarinya. An ce ba ta magana, ni kuma ba ni da hanyar yi mata magana. Yaron nan ni ma nawa ne, ni ma ban daina tuna shi ba. Ban ga laifinta ba ko na ƙwayar zarra. Ina so ta dawo ɗakinta."

Ɗaya daga cikin dattawan ya kawar da kai yana gyaran murya, wani kuma ya ce a hankali, "Ikon Allah, yaran zamani." Surukina ya ɗauki wuƙarsa ya juya ta a hannu. Daga baya ya ce, "Tashi ka je ka wanke ƙafarka, la'asar ta yi. Gobe in za ka aiko da ciyawa, ka haɗo da bayani." Ya sa aka kawo mini buta da wani tsohon takalminsa. A bayansa na yi sallar la'asar ranar, ban iya haɗa ido da kowa ba.

Kafin magariba labarin ya riga ni isa Mandawari. A karofi an yi wata guda ana tambayata ko akwai sauran magani, wani ya kawo mini tsidau a ganye ya ce in kai wa surukata. Kaka ta ce ita ta sake ni, ba za ta zauna da mijin da ke kiwon fure ba. Ban sake hawa Dala ba, kunya ba ta bar ni ba. Kwana shidan nan na yi su ban san matsayina ba, ina zuwa aiki ina dawowa, ina zagaya tsakar gida har mahaifiyata ta ce in zauna ina sa mata jiri. Babu saƙon da ya zo daga gindin dutse, mai daɗi ko marar daɗi.

Ranar da arba'in ta cika, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gida ina ta kallon bakin lungu, sai ga mata uku sun shigo da ƙwarya a ka. Ta tsakiyar tana lulluɓe da baƙin zanen nan. Na tashi na bar wurin kamar yadda ya kamata, na je na zagaya unguwa sau biyu, ban san inda nake sa ƙafa ba.

Ba mu yi zancen ba ranar, ba mu yi washegari ba. Sai bayan kwanaki, da safe, ta kawo mini koko ta tsaya ba ta fita ba. Ta rame ƙwarai, muryarta ma ta yi ƙasa.

"Malam, ka san na san gatarin kurege?"

Na ɗago na dube ta.

"A gindin dutsen nan aka haife ni. Tun muna yara ake hana mu taɓa shi. Ina buɗe ƙyallen na gane babu malamin da zai haɗa wannan da balasa. Na ce wannan aikin marini ne, launi ya bi."

"To me ya sa kika bari aka ɗora a wuta?"

"Ba sha zan yi ba," in ji ta. "So nake in ga ko za ka zo."

Na ce ai kullum ina zuwa, ita ce ba ta sani ba. Na fara ba ta labarin hawan da nake yi, da yadda nake hango ta a kan turmi. Ta bari na yi nisa, sannan ta ce duk unguwar sun sani. Wanda ya tsaya a bakin Dala da safe, sama ce a bayansa, ko yaro ya ɗaga kai zai gan shi. Tun ranar farko ta gan ni. Ta ce turmin nan ba daɗin zama gare shi ba ga mai jego, don ni take fitowa ta zauna a kai.

"Kullum ina ganinka a sama kana leƙe," in ji ta. "Na ce mutumin nan ya iya hawa dutse saboda ni, amma ya kasa taka zaure ya ce yaya na ji da rashin ɗana. In haka zaman zai kasance, gara in zauna a gidanmu."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan abu ta ajiye a gefen ƙoƙon kokon. Balasa ce guda ɗaya da ta zare kafin uwarta ta karɓe ƙunshin. Ta bushe ta ƙanƙance, babu sauran shuɗi a jikinta ko kaɗan.

"Ka yi gaskiya," in ji ta, "ba ya kai azahar."

Ta mayar da ita bakin zanen ta ƙulle. Daga nan ta zauna a bakin gado, ta fara gaya mini kamannin yaron, tun daga goshinsa har yatsun ƙafarsa, domin ni ban taɓa ganin fuskarsa ba.